Keken tsakuwa a hanyar Ringim: abin da ya iya da inda ya gaza

A tsaunukan Italiya, tsohon layin dogo da ya bi ta garin Cortina ya zama hanyar kekuna, hawansa a hankali saboda jirgi ba ya son tudu mai tsini. Keken da ake hawa a can, wato keken tsakuwa da aka ƙera don hanyar da ba kwalta, ya fara shigo mana cikin kayan gwanjo. A nan, burtalin da ke gefen layin dogo na Kano zuwa Nguru ya isa gwaji, musamman wajen Ringim. Matsalarmu ba tudu ba ce, rairayi ne da tsidau.

Tayarsa mai faɗin milimita 40 tana riƙe jar ƙasa da tsakuwa sosai, in an bar iska wajen 35 a ma'aunin iskar taya na PSI. In aka cika ta tam, keken zai riƙa tsalle, hannu ya yi tsami. A rairayi mai zurfi kuwa tayar gaba nutsewa take yi, sai an sauka an tura.

Tayar da ba ta da tib ita ta fi. Ana zuba mata ruwan toshe huji, milimita 60 kowace ƙafa, ƙaya ta shiga ya toshe nan take. Amma zafin bazara yana busar da shi cikin wata biyu ko uku, kuma mai faci na ƙauye ba ya ajiye shi. Bawul ɗin ma siriri ne, famfon kasuwa ba ya kama shi, sai a riƙe nasa.

Ba keken ɗaukar buhu ba ne. Kuma kada a hau kan layin dogon kansa, duwatsun suna yanka taya.