Sharhi kan gyaɗar yazawar kwalba da na sayo a Lokoja

A watan Afrilu, a hanyata ta dawowa daga Enugu, motarmu ta tsaya a Lokoja domin salla da cin abinci, kuma a nan na sayi kwalba biyu na gasasshiyar gyaɗar yazawa, wadda da yawa ke kira kashu, a hannun wata mai talla a bakin titi. Na shafe makonni shida ina cin ɗan kaɗan kowace safiya da shayi, daga bisani na sayi ta leda, irin wadda kamfani ke rufewa ana sayarwa a manyan kantuna, domin in kwatanta su.

Ta kwalbar ta fi garɗi nesa ba kusa ba. Da zarar an cire murfi sai ƙanshin hayaƙin itace ya bugi hanci, launinta ƙasa-ƙasa ne, kuma tana da wani ɗan zaƙi da ke fitowa a ƙarshen tauna, wanda ban same shi a ta leda ba. Aibinta shi ne ba a gasa ta daidai wa daida ba, domin na ci karo da ƙwayoyin da suka ƙone har suna ɗaci, sannan an jera lafiyayyun a sama da jikin kwalba, tsakiyar kuwa gutsattsari ne. Wannan ya sosa mini rai, don kuwa kuɗin cikakkiya na biya. Ta ledar fara ce, girmanta ɗaya, babu ko ɗigon datti, amma gishiri ya danne ɗanɗanonta.

Mai tallar ta shaida mini cewa kayanta daga gonakin ƙasar Igala suke, kuma lallai yankin Anyigba a jihar Kogi, tare da Ogbomosho a jihar Oyo, sun yi fice wajen noman yazawa. Sai dai itacen baƙo ne a Afirka. Asalinsa arewa maso gabashin Brazil, inda mutanen Tupi ke kiransa akaju, kuma Turawan Fotugal ne suka ɗauke shi a ƙarni na 16 suka kai Goa ta Indiya da gaɓar tekun Afirka. A yau Kwaddebuwa ce kan gaba a duniya wajen noman ɗanyen ƙwallon, amma mafi yawan abin da Afirka ta Yamma ke girbewa ana loda shi ne a jiragen ruwa zuwa Biyetnam da Indiya, a can ake fasawa, a can kuma ribar ke zama. Abin yana damuna matuƙa, shi ya sa nake girmama matan da ke fasa nasu da hannu.

Da farko na yi ƙorafin tsada, har sai da na tuna yadda muke yi muna yara, mu shanye ruwan yazawa mu jefa ƙwallon a garwashi, yana tartsatsi yana fitar da baƙin mai da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Kowace yazawa ƙwallo ɗaya tak take ɗauke da shi, kuma ɓawonsa na da mai mai ƙona fata, wanda na ga alamarsa a yatsun matar nan da suka yi baƙi suka tsattsage. Saboda wannan man ne ba a cin ƙwayar sai an gasa ko an turara ta.

Game da amfani a jiki, giram 100 na ƙwayar na ɗauke da kalori kusan 550, da furotin giram 18, da mai giram 44, wanda akasarinsa irin na man zaitun ne. Tana kuma da magnesiyam, mai taimaka wa tsoka da jijiyoyi, da sinadaran ƙarfe da jan ƙarfe, waɗanda jiki ke buƙata wajen haɗa jini. Abin da na shaida da kaina shi ne cikin tafin hannu ɗaya, ƙwaya goma sha takwas ko kusa da haka, yana riƙe ni har azahar ba tare da na nemi biskit a ofis ba. Mai son rage ƙiba ya tsaya a wannan awon, kuma wanda ya ji ƙaiƙayi ko kumburin leɓe bayan ya ci ya daina nan take ya ga likita.

Kwalba ta biyu ta yi laushi da damina ta kama, domin na yi sakaci da murfinta, amma na ɗan soya ta a busasshen kasko ta dawo daidai. Idan na sake bi ta Lokoja ta kwalbar zan saya, sai dai zan roƙi mai tallar ta zazzage mini ita a faranti in ga tsakiyarta kafin mu yi ciniki.