Liftar Barrakka a Valletta: Yuro 1 da ya hutar da gwiwar Hajiya

Ba don wannan liftar ba, da Hajiya ba ta ga Valletta ba. Babban birnin Malta a kan tsauni yake zaune, teku ta kewaye shi ta gefe uku, kuma tituna da yawa matakala ne zalla. Ita ko mahaifiyata ta jima tana fama da ciwon gwiwa. Da muka tsaya a bakin tashar jiragen ruwa na ɗaga kai na ga tsayin ganuwar, gabana ya faɗi.

Wani dattijo mai kwalekwale ne ya nuna mana liftar. Tsayinta mita 58, an buɗe ta a 2012 a gurbin tsohuwar da ta yi aiki daga 1905 zuwa 1973. Na biya mana Yuro 1 kowannenmu, kuɗin hawa da sauka ke nan. Ɗakuna biyu ne, kowanne na ɗaukar mutum 21. Hajiya ta kama ƙarfe da hannu ɗaya, carbi a ɗayan, ta fara Ayatul Kursiyyu. Ba ta kai ƙarshe ba ƙofa ta buɗe. Ko rabin minti ba mu yi ba.

Kana fitowa sai lambun Barrakka na sama. Ga tashar nan shimfiɗe a ƙasa, ga garin Birgu can tsallake, duwatsun gininsa launin zuma. Da 12 na rana aka harba igwa daga dandalin da ke ƙarƙashinmu, tattabaru suka watse, Hajiya ta dafe ƙirji tana salati, daga baya ta ce a jira ta ƙarfe 4 ma.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne maganar mutanen. A layi na ji wata mata ta ce "ħamsin", na waiwaya da sauri. Hamsin ɗinmu ce! Harshensu daga Larabci ya tsiro, har Kiristocinsu "Alla" suke kiran Ubangiji.

Idan babban jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya sauke mutane, layi yana tsawo, ga rana. Ku yi sammako, ku riƙe ruwa. Mai tafiya da tsoho ko keken jariri, ta nan zai shiga birnin.