Shafin falsafa na Stanford: kyauta ne, amma sai mai juriya

Masu tambaya ta inda za su karanta tambayoyin falsafa masu juya kai, to ni dai Stanford Encyclopedia of Philosophy nake shiga. Jami'ar Stanford ta Amurka ke riƙe da shi, Edward Zalta ya assasa shi a 1995, ba rajista ba talla ba wani a biya kafin a karanta, kuma kusan duk rubutu ne zalla don haka ba ya cin data, ko netwok na jan ƙafa zai buɗe.

Abin da ya kai ni can matsalar Frege ce, wani Bajamushe masanin lissafi da ya kawo ta a 1892. Ga yadda take. Tauraron nan mai haske da ake gani da asuba, wanda muke ce wa Gamzaki, da wanda ake gani da magariba kusa da jinjirin wata, Zara matar wata, ai abu ɗaya ne, duniyar Venus ce. To idan ka ce "Gamzaki shi ne Gamzaki" ba ka faɗa wa kowa komai ba, amma idan ka ce "Gamzaki shi ne Zara" ka ba mutum sabon ilimi, har yana iya yi maka musu. Ta yaya haka in dai aikin suna kawai ya nuna abu ne? Sunayen biyu fa abu guda suke nunawa! Frege ya ce suna yana da abin da yake nunawa, sannan yana da hanyar da yake gabatar maka da abin, kuma a nan sunayen suka rabu. Shafin ya bi maganar dalla-dalla, ya kawo masana falsafa su Russell da Kripke da inda suka ƙi yarda da shi, kuma abin da ya burge ni ba a yi wa kowa ƙage, hujjar kowa ana kawo ta da ƙarfinta.

Maƙalarsu kan menene sani ita ma ta yi. Wani masanin falsafa mai suna Gettier a 1963 da 'yar takarda mai shafi uku ya rikita ma'anar da aka daɗe ana kai, wato sani shi ne ka yarda da abu, abin ya zama gaskiya, kuma kana da dalili. Ka ɗauki agogon bango da ya tsaya jiya ƙarfe biyu daidai, kai ba ka sani ba, yau ka ɗaga kai ka duba kuma aka yi dace ƙarfe biyun ce. Ka yarda, gaskiya ne, kana da dalili, amma tsakani da Allah za a ce ka san lokaci? Misalin agogon na Russell ne.

Sai dai gaskiya ba wurin ɗan koyo ba ne. Malaman jami'a ne ke rubutawa kuma turancin nasu ne, maƙala ɗaya a waya sai ka ta ja da yatsa kamar ba za ta ƙare ba, wani wurin a cika maka ido da alamomin manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja. Babu Hausa. Kuma in kai mai son a yanke maka hukunci ne a ce wane ne ke da gaskiya, ba za ka samu ba, ra'ayoyi za a jere maka a bar ka da su.

Dabarata ita ce kar ka shiga yawo, ka je da tambaya ɗaya, ka karanta gabatarwa da sashe na farko da na biyu, ka ajiye waya ka gwada misalin a kan wani aboki tukuna. Ɗaliban Arabiyya da suka yi manɗiƙi a zaure su duba maƙalun Alfarabi da Ibn Sina da Gazali, suna nan, kuma su za su fi saurin kama zaren.