Filtar hamonik ta aktif: tana aiki, amma a sa riyakta tukuna

Masu aikin wuta a masana'anta, ga ra'ayina kan filtar hamonik ɗin nan ta aktif da muka ɗaura a babban allon wutarmu saboda tarin VFD, wato na'urorin sarrafa gudun injin lantarki, da ke juya famfuna da fankoki. Gaskiya ta yi aiki, amma akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai tsaya ya faɗa maka ba.

Yawancin VFD ɗinmu masu bugu shida ne, kuma irin waɗannan ba sa jan wuta a santsi, wawurarta suke yi guntu-guntu, shi ya sa suke haifar da hamonik, wato ƙarin igiyoyin wuta masu gurɓata layi da ke kaɗawa a ninkin Hz ɗin layin, na 5 da na 7 da na 11 da na 13, a layin 50Hz na biyar ɗin 250Hz kenan, na bakwai 350Hz. Taransfomarmu har kuka take yi, ka kai hannu kusa da jikinta ka ji zafi alhali lodin bai ma cika ba, ga fiyus ɗin kafasitocin gyaran fawa-fakta suna ta ƙonewa, wanda dama haka yake idan kafasita ta yi amo da layin kusa da hamonik na biyar.

Ita filtar tana karanta wutar ta CT, wato ƙaramar taransfomar da ke auna amfiyar da ke bi ta waya, sai ta tura kishiyar hamonik ɗin cikin layi su soke juna. Ranar da aka kunna ta kukan taransfomar ya lafa, a allon na'urar awo kuma igiyar da da take da ƙusumbi biyu ta dawo kusan sumul. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bin lodi, famfo ya rage gudu ko ya ƙara ita ma ta bi shi nan take, filtar fasif ba ta iya wannan.

To amma fa ana sayar da ita ne da amfiya, amfiyar hamonik ɗin da za ta soke. VFD ɗin da babu riyakta ko cok (naɗin wayar da ke sassauta wawurar wutar) a jikinsa gurɓatar wutarsa na iya haura kashi 80, ka sa masa riyakta ta kashi 3 zuwa 5 sai ya sauko wajen kashi 35 zuwa 40. Ka ga wanda ya tsallake riyakta zai sayi ƙatuwar filta ne kawai a banza, kuma ta riƙa aiki a wahale.

Sannan dan Allah a daina auna hamonik a bakin VFD ana tayar da hankali. Ƙa'idar IEEE 519, wadda ta sa iyakokin hamonik, a mahaɗar layinka da na kamfanin wuta take aiki, inda sauran masu amfani da layin ke shan illar. Iyakar gurɓatar boltej kashi 8 ce a layin da bai wuce 1kV ba, kashi 5 daga nan zuwa 69kV. Ta karan, wato amfiyar da kake ja, kuma ta danganta da ƙarfin layin, daga kashi 5 a layi mai rauni har kashi 20 a mai ƙarfi sosai, kuma da lodinka mafi girma ake gwada ta.

Inda filtar ta gaza, fankokinta na da ƙara, tana fitar da zafi sosai, ga ƙura na toshe mata raga, dole ɗakin ya samu iska. Kuma a tsaya a kan mai ɗaurawa wajen CT, don in ya juya shi baibai ƙara hamonik ɗin za ta yi maimakon ragewa. Masu aiki da janareta ku sa a gwada ta a kansa ma kafin a sa hannu a takarda.