Hodar fitar da saiwa da na gwada a kan rassan lici

Shekarata shida ina harkar kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kuma duk watan Yuni sai na ci lici har ya gundure ni. Ɗan itace ne mai jan ɓawo kaushi-kaushi, cikinsa fari fat, ga ruwa ga zaƙi. Wani dattijo da muke hulɗa da ɗansa yana da lambu a Zengcheng, yankin da ya yi suna wajen noman lici, shi ya ba ni dama na gwada hannuna a bishiyoyinsa guda biyu.

Ba a dogara da ƙwallo wajen yaɗa lici. Ƙwallon yana mutuwa cikin 'yan kwanaki idan ya bushe, in ma ya tsiro sai ka yi jiran shekara takwas zuwa goma, kuma ba lallai ya haifi irin na uwarsa ba. Shi ya sa manoman can suke sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin bishiya, sannan su yanke shi su dasa. Suna kiran wannan aiki quanzhi. Wanda aka samu ta haka yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa biyar.

Hodar da na saya a intanet ƙaramin ƙunshi ce, sinadarin da ke cikinta shi ne IBA, wanda ke taimaka wa reshe ya fitar da saiwa. Dattijon da ya gani ya girgiza kai, ya ce shi tun tasowarsa da ƙasa da rubabbiyar ciyawar shinkafa yake yi. Na ce, “Baba, bari mu raba biyu mu gani.” A watan Mayu na zaɓi rassa goma sha biyu masu kaurin yatsa, waɗanda ke shan rana kuma ba su ɗauki 'ya'ya ba. Kowanne na zagaye shi da wuƙa na cire ɓawo mai faɗin santimita biyu zuwa uku, na kankare santsin nan da ke tsakanin ɓawo da itace. Shida na shafa musu hoda a leɓen yankan na sama, inda saiwa ke fitowa, shida na bar su haka. Duka na naɗe su da jiƙaƙƙen zaren kwakwa, na rufe da leda na ɗaure sama da ƙasa.

A mako na bakwai na fara hango fararen saiwoyi ta cikin leda a rassa biyar masu hoda. Marasa hoda sai da suka ƙara kusan mako uku, huɗu suka yi. Da na duba biyun da suka ƙi, laifina ne: ban kankare da kyau ba, ɓawon ya sake haɗewa, reshen ya warke abinsa. Na shidan masu hoda kuwa na cika masa ita da yawa, wurin ya yi baƙi ya ruɓe. A nan nake da ƙorafi a kan masu yin ta. Takardar jikin ƙunshin ba ta faɗi adadin da za a shafa wa reshe ba, bayanin jiƙa yankakken kara kawai ta yi. Sannan bakin ƙunshin ba ya rufuwa, kuma da danshin Guangzhou kafin wata guda hodar ta dunƙule. Wanda zai saya ya tanadi 'yar kwalba mai murfi.

Abin da ya burge ni shi ne yawan saiwar. Masu hoda sun cika ledar dam, marasa hoda ƙwara-ƙwara. Bambancin ya fito fili bayan yanka a watan Agusta, domin a nan ne lici ke ba mutum kunya. Saiwarsa tana karyewa da ɗan taɓi, don haka ban cire zaren kwakwar ba, leda kawai na kwance. Na rage fiye da rabin ganye, na sa su a tukwane cikin inuwa ina yayyafa musu ruwa safe da yamma. Duka biyar masu hoda sun yi sabon toho. Cikin huɗun nan marasa hoda biyu suka bushe, kuma na ji zafin hakan ƙwarai, aikin wata uku ne.

Zan sake saya, kuɗinta bai kai na kilo ɗaya na lici mai kyau ba. Amma wanda ya yi sakaci da kankara ko ya bar zaren ya bushe, hoda ba za ta cece shi ba. Kuma a tuna irin wannan dashe ba shi da doguwar saiwar tsakiya, dole a kafa masa sanda saboda iska.

'Yan'uwa a gida suna ta cewa in kawo musu dashe Kano. Na faɗa musu lici yana son sanyin da zai daɗe ƙasa da digiri 20 kafin ya yi fure, kuma busasshiyar iska tana ƙona masa toho. Ragowar hodar na zuba a kwalba, gwaiba da lemun tsamin gidanmu zan ɗaure da ita idan damina ta sauka.