RETROICOR ko CompCor: wacce ta fi tace hoton ƙwaƙwalwa?

Bugun zuciya da numfashi suna gurɓata hoton fMRI, wato hoton da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, musamman kusa da manyan jijiyoyin jini. RETROICOR, dabarar Gary Glover da abokansa ta 2000, sai an maƙala wa mutum na'urar auna bugun zuciya a yatsa, an ɗaura masa bel ɗin auna numfashi a ƙirji. Da abin da suka naɗa ake cire hayaniyar, wato gurɓatar da bugun zuciya da numfashi suka jawo. Amma yatsa ya motsa ko bel ya sassauta, aiki ya ɓaci.

CompCor, ta 2007, ba ruwanta da wayoyi. Daga ruwan ƙwaƙwalwa da farin sashenta take zaƙulo hayaniyar, sai dai in ba a shata iyakarsu da kyau ba, takan kwashe har da saƙon gaske na aikin ƙwaƙwalwa.

Ɗalibi a Kaduna da ke sauke hotunan fMRI daga intanet, waɗanda galibi babu bayanan bugun zuciya da numfashi tare da su, CompCor ce tasa.