'Yan tsaki ko budurwar kaza: wanne mai son ƙwai zai fara saya?

Yawancin masu shirin ajiye kaji a bayan gida kan iri suke fara tambaya, wai wace kaza ce ta fi zuba ƙwai. A ganina kafin a zo nan sai an yanke shawarar 'yar kwana nawa za a sayo, don a nan ne kuɗi da wahala suke ɓuya.

Ɗan tsako mai kwana ɗaya shi ne mafi araha a ido. Sai dai ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. A makon farko yana son zafin digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Celsius, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashinsa ya cika wajen mako na 6. Su da kansu za su nuna maka: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki baki buɗe, zafi ya yi yawa. Dare ɗaya fitilar ta mutu, sai su danne juna, da safe a kwashe gawa. Ga riga-kafin cututtukan Marek da Gumboro da Newcastle, kowanne da lokacinsa. Bayan duk wannan za ka ciyar da su mako 18 zuwa 20 ba ka ɗauki ƙwai ko ɗaya ba. In kuma ba tantance su aka yi ba, kusan rabinsu zakaru ne, su ma ci suke yi. Wanda yake da lokaci da wutar da ba ta yankewa zai ji daɗin renonsu, kuma sun fi sabawa da hannu. Wanda yake fita aiki tun safe, gara ya haƙura.

Budurwar kaza mai mako 16 zuwa 18 ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma kuɗin abinci da riga-kafi da asarar da wani ya riga ya ɗauka ne kake biya. Ita nake ba mai farawa shawara. Matsalarta ɗaya, a nan aka fi cuɗa tsohuwa da yarinya, don haka kada ka saya daga nesa. Ɗauke ta a hannu. Ido ya zama garau, hanci a bushe, gashin gindi ba kashi a manne. Ɗaga fiffike ka duba ƙwarƙwata. Shafa ƙashin ƙirji: in ya fito tsini ba tsoka a gefensa, ta rame. Zankon wadda ba ta fara ƙwai ba ƙarami ne, yanzu yake soma ja. A irin masu rawayar ƙafa, launin yana koɗewa in kaza ta daɗe tana zuba, to in ka ga ƙafa fari fat ana ce maka budurwa ce, ka yi shakka. Tambayi takardar riga-kafi. Mai sayarwan da ya kasa faɗa maka ranar da aka ƙyanƙyashe su, bar masa kayansa.

Akwai kuma tsofaffin da manyan gonaki ke fitarwa bayan sun yi kamar shekara ɗaya da rabi. Suna yin ƙwai har yanzu, manya ma, amma ba kullum ba, kuma ɓawon ya yi laushi. Araha ba ta ado.

Sai maganar iri. Haɗaɗɗun kajin gona, wato waɗanda aka samu ta haɗa iri daban-daban, irin su ISA Brown da Lohmann Brown da Hy-Line sukan kai ƙwai 300 a shekararsu ta farko, ba su cika kwanci ba, kuma ba su da faɗa. Amma daga shekara ta biyu sai ƙwan ya fara ja baya, kuma 'ya'yansu ba sa gado irin zubin uwa, dole a koma sayo sababbi. Leghorn, wadda asalinta daga Italiya ne, farin ƙwai take yi da yawa ga ƙarancin ci, illa dai tsoro da tsallake katanga. Rhode Island Red da Plymouth Rock na Amurka ba su kai waɗancan yawan ƙwai ba, sai dai sun fi daɗewa suna yi, ga jiki. Kajin gargajiya sun fi kowa juriya da iya neman abinci, amma da sun tara 'yan ƙwai sai su kwanta kwana 21, su bi da reno, duk tsawon lokacin ba ƙwai. Fari ko ja, launin ɓawo bai canza abin da ke ciki.

Zakara ba dole ba ne. Kaza tana ƙwai ko babu shi, sai in ƙyanƙyasa kake so, kuma carar asuba ta sha haɗa maƙwabta faɗa.

Abinci ne zai fi cin aljihunka, ka lissafa shi tun kafin ka sayi kazar. Mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, na furotin kashi 16 cikin ɗari da kalsiyam kusan kashi 4. Hatsi zalla da ragowar abincin gida za su riƙe ranta, amma haɗaɗɗiyar kaza ba za ta zuba yadda ake so a kansu ba. Wannan abincin kuma ba na tsaki ba ne, yawan kalsiyam ɗin yana lalata musu ƙoda. Ruwa kada ya yanke. Kuma tana son haske na awa 14 zuwa 16.

Sakin kaji su yi kiwo yana rage kuɗin abinci, amma shaho da kare suna da rabo, ƙwan ma sai ka bi lungu kana nema. Akurki mai iska, da ƙofar da ke kulluwa da dare, da fili mai raga a gabansa ya fi. Gurbin ƙwai ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar.

Huɗu zuwa shida sun isa farawa, daga hannu ɗaya, sa'annin juna. In daga baya za ka ƙaro, keɓe sababbin aƙalla mako biyu, kana duba kashinsu da numfashinsu, kafin su haɗa kwanon ruwa da na gida.